Wanzamin da mai ya ƙare masa

Ummi: Salamu alaikum 'yan gida. Yau sati uku ke nan da muka fara shiga ɗakin gawa. Har yanzu in na zauna cin abinci warin maganin da ake jiƙa gawar nake ji a hannuna, ko sau nawa na wanke. Mun fi mu goma a kan gawa ɗaya, wanda ya makara sai dai ya leƙa ta kafaɗar wani. Jiya malaminmu ya yi wata magana da ta tsaya min a rai. Wai likitoci sun yi fiye da shekara 1,300 suna karantar da jikin biri da na alade da sunan jikin mutum, sai a 1543 wani saurayi ya tona asirin. Ni abin da ban gane ba, yaya za a yi masu hankali su daɗe haka ba wanda ya lura? Ba su da ido ne?

Malam Na-Tarihi: Wa alaikumus salam. Suna da ido, Ummi, sai dai idon yana kan littafi. Mutumin da ake bi shi ne Jalinus, Bagirke, haifaffen Pergamon a ƙasar da take Turkiyya yanzu, a shekara ta 129. Gwani ne na gaske, kada ki raina shi. Ya yi wa 'yan wasan takobi jinya, ya zama likitan sarkin Rum. Amma a zamaninsa ba a fiɗar gawar mutum, don haka birai yake fiɗa, da aladu, da shanu, ya ɗauka mutum ma haka yake.

Abin da ya sa kuskuren ya daɗe shi ne yadda ake koyarwar. A jami'o'in Italiya an fara fiɗar gawar mutum tun wajajen 1300, musamman a Bologna. To amma ki ga yadda zaman yake. Shehin malami yana can sama a kan doguwar kujera yana karanta littafi da Latin, ba ya taɓa gawar. A ƙasa akwai wanzami riƙe da wuƙa, shi ke yanka, kuma sau da yawa ba ya jin Latin ɗin. Akwai na uku mai sanda, yana nuna wa ɗalibai abin da aka ambata. In littafi ya ce hanta tana da kunnuwa biyar, aka duba ba a ga biyar ba, sai a ce wannan gawar ce take da naƙasa. Mai karatu bai ga ciki ba, mai ganin ciki bai san abin da ake karantawa ba. Waye zai ce an yi kuskure?

Ɗan Fage: Wato dai kamar direba a bayan mota, kwandasta a kan sitiyari.

Malam Na-Tarihi: Kusan haka. Abin da Andreas Vesalius, saurayin da malaminku ya ambata, ya yi shi ne ya sauko daga kujerar ya karɓi wuƙar. Haifaffen Brussels ne, 1514. Tun yana ɗalibi ƙashi ya zame masa jaraba: shi da kansa ya ba da labarin yadda ya je wajen garin Louvain inda ake rataye masu laifi, ya sato ƙasusuwan wani ya shigo da su gida kaɗan kaɗan ya harhaɗa. A 1537 ya zama malamin tiyata a Padua ta Italiya yana dab da cika shekara 23, ya kuma dace da wani alƙali da yake ba shi gawar waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa. Da ya samu gawa a wadace sai ya fara jera ƙashin mutum da na biri gefe da gefe. Nan ya gane inda matsalar take. Jalinus ya ce ƙashin tsakiyar ƙirji gida bakwai ne, a mutum uku ne. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne, a mutum ɗaya ne. Ya ce akwai wata saƙar jijiyoyi a ƙasan ƙwaƙwalwa, akwai ta a tumaki da shanu, babu a mutum. Littafinsa kan ƙirar jikin ɗan Adam ya fito a Basel a 1543, shafi fiye da 600, da zane-zanen da aka sassaƙa a katako aka ɗauko daga Venice aka tsallako da su duwatsun Alps.

Ɗan Fage: Malam, wane gari ka ce? Faɗuwa? Ni fa ba zan kai ɗana karatun likita garin da ake ce wa Faɗuwa ba.

Abu Sumayya: Ni ina da gyara. Kullum in aka zo wannan tarihin sai a fara daga Turawa kamar kafin su duniya barci take. Maganar muƙamuƙi da Malam ya kawo, Abdullaɗif al-Baghdadi ya riga Vesalius da fiye da shekara 300. Lokacin wata muguwar yunwa a Masar wajajen 1200 ya duba tarin ƙasusuwan mamata a kusa da Alƙahira, ya rubuta ƙarara cewa muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne, Jalinus ya yi kuskure. Ibn Nafis, wanda ya rasu 1288, ya ce babu wasu ƙofofi a bangon da ya raba zuciya biyu, jini ta huhu yake bi ya dawo. Zahrawi na Kurɗuba, littafinsa na tiyata da zanen kayan aiki aka fassara zuwa Latin, Turai ta yi ɗaruruwan shekaru tana karantawa. Kwashe iliminmu suka yi suka canja suna, shi ke nan.

Dakta Mai Fiɗa: Abu Sumayya, rabin maganarka gaskiya ce tsantsa, ɗaya rabin kuma ka yi gaggawa. Zahrawi kam babu musu, Turawan ma ba su ɓoye ba, manyan likitocin tiyatarsu na da suna ambatonsa da suna. Amma Ibn Nafis fa? Wannan bayanin nasa ya kwanta a rubutun hannu har aka manta da shi, sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin al-Taɗawi, ya ci karo da shi a ɗakin karatu a Berlin. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce: me ya sa wanda ya faɗi gaskiya a ƙarni na 13 ba a samu masu ɗorawa a kan maganarsa ba, amma wanda ya faɗa a ƙarni na 16 cikin shekara ɗari aka juye ilimin gaba ɗaya?

Amsata abu biyu ne. Na farko maɗaba'a. In ka kwafi zane da hannu sau goma, na goman ba ya kama da na farko. In ka buga shi da katako, ɗalibi a Faris da ɗalibi a Landan abu ɗaya suke kallo, kowa zai iya buɗe gawa ya ce wannan daidai ne, wannan ba daidai ba. Na biyu, an mai da fiɗar ta zama aikin makaranta da ake maimaitawa kowace shekara a gaban jama'a. A Padua har ɗaki na musamman aka gina a 1594, mai hawa-hawa kamar mazurari, teburin gawa a ƙasa, ɗalibai a tsaye a zagaye. Yana nan har yau.

Abu Sumayya: Dakta, ai akwai wani Ba'italiye, Andrea Alpago, da ya daɗe a Dimashƙa yana fassara littattafan Larabci, har da na Ibn Nafis, kuma Padua ya koma. Sai ga Realdo Colombo na Padua ya fito da maganar huhu a 1559. Ruwa ba ya tsami banza.

Dakta Mai Fiɗa: Alpago gaskiya ne, amma ɓangaren da aka buga na fassararsa kan haɗa magunguna ne, ba kan zuciya ba. Zargi ya halatta, hujja dai ba ta cika ba. Kuma ka tuna Ibn Nafis da kansa ya rubuta cewa shari'a da tausayi sun hana shi yin fiɗa. Colombo kuwa ya buɗe dabbobi da ransu, ya ga jijiyar da ke zuwa daga huhu cike take da jini, ba iska ba kamar yadda ake cewa. Ɗaya ya kai ga gaskiya da kaifin tunani, ɗaya ya nuna ta a kan tebur.

Ɗan Wanzam: Ku yi haƙuri in shigo. Duk kuna ta maganar masu littafi, ba wanda ya tuna da mai wuƙar nan da ke ƙasan kujera. Ni gidan wanzamai na tashi, na riƙe wa babana zabira tun ban kai shekara goma ba. Ranar da na fara jin cewa uban tiyatar Faransa wanzami ne, sai da na koma na faɗa wa tsoho.

Sunansa Ambroise Paré. Bai yi jami'a ba, bai iya Latin ba, a shagon aski ya koyi aiki sannan ya yi shekaru a babban asibitin talakawa na Faris. A lokacin likitoci sun yarda cewa albarushi dafi ne, don haka duk wanda aka harba sai a tafasa mai a zuba a cikin raunin. A 1537 ya bi sojojin Faransa yaƙi arewacin Italiya, wajen Turin. Masu rauni suka yi yawa, man ya ƙare masa. Don kada ya bar sauran haka, sai ya kwaɓa gwaiduwar ƙwai da man wardi da wani man ƙaron itace ya shafa musu. Ya ce daren nan bai iya barci ba, yana tsoron zai tarar da su sun mutu da dafi. Tun kafin gari ya waye ya tashi ya je dubawa. Waɗanda bai ƙona ba sun yi barci, ciwon bai kumbura ba, zafin kaɗan ne. Waɗanda aka zuba wa tafasasshen mai kuwa ga zazzaɓi, ga kumburi, ga raɗaɗi. Daga ranar ya ce ba zai ƙara ƙona bayin Allah ba.

Abin da ya burge ni ba sa'ar ba ce. Mai ya sha ƙare wa wasu kafin shi. Shi ya tsaya ya kwatanta waɗannan da waɗancan, ya yarda da abin da idonsa ya gani duk da manya sun ce ba haka ba, sannan ya rubuta a 1545 da Faransanci, yaren da sauran wanzamai za su iya karantawa. Likitocin jami'a suka yi ta yi masa dariya wai bai iya Latin ba. Ya ƙare yana likitan fiɗar sarakunan Faransa huɗu.

Sista Maman Amir: Shi ne kuma ya dawo da ɗaure jijiyar jini da zare in an yanke ƙafa, maimakon a ɗora jan ƙarfe, ko ba haka ba?

Ɗan Wanzam: Shi ne, Sista. Kuma kalmar da aka fi saninsa da ita, wallahi kamar daga bakin babana: ni na ɗaure ciwon, Allah ne ya warkar.

Dakta Mai Fiɗa: Amma a faɗi gaskiya, ɗaurin zaren bai karɓu nan take ba, kuma masu ƙin sa ba duka wawaye ba ne. Ɗaure jijiya ɗaya bayan ɗaya yana cin lokaci, mutum yana ihu babu maganin barci, jini yana zuba. Zaren kuma ba tsaftatacce ba ne, yana shigar da ruɓa. Ƙarfe mai zafi mugu ne amma yana da sauri. Sai da aka samu abin matse gaɓa mai kyau a ƙarni na 18 kafin zaren ya yi nasara sosai.

Sista Maman Amir: Ɗan Wanzam, tunda ka kawo maganar gida, kada ka ji haushi. Paré ya ga al'adar da ya gada tana cutarwa ya bari. Mu nan har gobe ana kawo mana jariri ɗan kwana uku an cire masa belu, jini ya ƙi tsayawa, ko bayan sati haƙora su sarƙe. Aska ɗaya a yi wa yara da yawa. Belun nan halitta ce, kowa da shi aka haife shi, ba ciwo ba ne. Na taɓa kwana a tsaye a kan wata jaririya saboda wannan, uwar tana kuka, kakar tana cewa ai haka aka yi wa kowa a gidan.

Ɗan Fage: Tirƙashi. Wanzami ba ya son jarfa.

Ɗan Wanzam: A'a, na karɓa. Babana ma a ƙarshen aikinsa sabuwar reza yake sa a sayo wa kowane yaro in zai yi kaciya. Belu ne dai muka sha musu a kai, bai taɓa yarda ba. Cewa yake kakansa ya yi, ubansa ya yi. Kun ga ashe mu ma muna da namu Jalinus ɗin, sai dai namu ba a rubuce yake ba.

Ummi: Malam, to shi Vesalius da ya fito da littafin, sai kowa ya sallama?

Malam Na-Tarihi: Ina! Malaminsa na Faris, Jacobus Sylvius, shi ya fi kowa hawa kansa, har ya juya sunansa ya koma kalmar Latin mai nufin mahaukaci. Da aka nuna masa ƙashi a fili sai ya ce ba Jalinus ne ya yi kuskure ba, jikin mutane ne ya canja tun daga zamaninsa. Vesalius ya bar koyarwa ya koma likitan fadar Sarki Charles na Biyar. Ya rasu a 1564 a wani tsibirin Girka, Zakynthos, a hanyarsa ta dawowa daga Ƙudus. Ɗan Wanzam zai so wannan: a 1559 da mashi ya soki Sarkin Faransa Henri na Biyu a ido wajen wasan dawaki, an kira Vesalius an kira Paré, shehin malami da wanzami a kan majinyaci ɗaya. Sarkin dai bai tashi ba.

Kuma shi ma Vesalius ba duka ya gyara ba. Ƙofofin bangon zuciya da Abu Sumayya ya ambata, a bugun farko mamaki kawai ya yi wai ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya gani. Sai a bugu na biyu, 1555, ya fito ya nuna shakkarsa sosai.

Abu Sumayya: Na ji an ce shi ne ya ce haƙarƙarin mace da na namiji ɗaya ne. Wannan fa?

Dakta Mai Fiɗa: Ƙirgawa ya yi, goma sha biyu kowane gefe, mace da namiji. Ummi za ta iya ƙirga maka gobe. Kuma ban ga abin tayar da hankali ba: wanda aka yanke wa yatsa ai ba ya haifar ɗa mai yatsa tara.

Sista Maman Amir: Ni wanda na fi so a cikinsu duka William Harvey ne, likitan Ingila da ya nuna jini zagayawa yake a jiki, don gwajinsa kullum ina yin sa a wajen aiki ban ma sani ba. In za ki sa wa mutum ruwa, kina ɗaure damtse, jijiyoyin hannu su taso, har ki ga wasu 'yan ƙulli-ƙulli a jikinsu. Ummi, gwada a hannun wani siriri. Danne jijiyar da yatsa ɗaya ta wajen tsintsiyar hannu, ki sa wani yatsan ki shafe jinin zuwa sama har ki wuce ƙullin, ki ɗaga na saman. Wurin zai zauna fayau, jini ba zai dawo ƙasa ba. Ki ɗaga na ƙasan, nan take ya cika. Wato jinin waɗannan jijiyoyin hanya ɗaya yake bi, zuwa zuciya. Wannan zanen hannun yana cikin littafinsa na 1628.

Dakta Mai Fiɗa: Kuma a Padua ya yi karatu, wajen Fabricius, wanda ya bayyana waɗannan ƙullin amma bai gane aikinsu ba. Ɗaya hujjar Harvey lissafi ce. Ana cewa hanta ke ƙera jini daga abinci, jiki ya shanye shi. Shi kuma ya auna abin da zuciya ke turawa a bugu ɗaya ya ninka da yawan bugun rabin awa, ya ga ya fi duk jinin da ke jikin mutum. Da ma'aunin yau: kusan mililita 70 a bugu, bugu 70 a minti, kusan lita 5 ke nan a minti ɗaya, kuma duk jinin babban mutum kusan lita 5 ne. Wace hanta ce za ta ƙera wannan? Dole jinin nan zagayawa yake. Abin da ya rage masa shi ne inda jijiyoyin fita ke haɗuwa da na dawowa. Ya rasu 1657 bai gani ba. Wani Ba'italiye, Malpighi, ya gano su a 1661, a huhun kwaɗo, da madubin ƙara girma.

Hajiya Babba: Ni ba likita ba ce, karatu kawai nake ina jin tsigar jikina na tashi. Duk wannan ilimin, shi marar lafiya ya amfana kuwa?

Dakta Mai Fiɗa: Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Kaɗan ya amfana, kuma a hankali. Sanin taswirar jiki ya yi gaba, amma ba a iya shiga ciki ko ƙirji, saboda zafi da ruɓa. Maganin sa barci sai 1846, tsaftace rauni da kayan aiki irin na Lister, likitan fiɗa na Birtaniya, sai 1867. Kafin nan aikin tiyata na waje-waje ne: yanke gaɓa, ɗinke rauni, fasa ƙurji, ɗori, cire tsakuwa daga mafitsara. Ƙarti ake sa wa su danne mutum, gwanin likita shi ne mai sauri. Duk da haka an yi abin mamaki. Tagliacozzi na Bologna ya buga littafi a 1597 kan yadda ake gyara hancin da aka yanke da fatar damtse, a ɗaure hannun a jikin fuska na makonni har fatar ta kama.

Malam Na-Tarihi: Darajar masu fiɗa ma a hankali ta tashi. A Landan, 1540, ƙungiya ɗaya aka yi wa wanzamai da masu tiyata, aka ba su gawar mutum huɗu da aka kashe kowace shekara don koyo. Sai 1745 suka rabu. A Faransa kuwa duburar sarki ce ta ɗaga sana'ar, ku gafarce ni. Louis na 14 ya yi fama da ƙurjin da ya huda yana yoyo, magunguna suka gaza. Mai fiɗarsa, Félix, ya yi watanni yana gwada hannu a kan talakawa masu irin ciwon, ya ƙera wuƙa ta musamman, ya yi wa sarki aiki a Nuwamba 1686 ido biyu. Sarki ya warke, Félix ya samu dukiya da muƙami, fadawa har da masu lafiya suka riƙa neman a yi musu irin aikin sarki.

Hajiya Babba: Su talakawan da aka gwada a kansu fa?

Malam Na-Tarihi: Hajiya, su da waɗanda aka sauko da su daga igiya aka kai teburin Padua, sahunsu ɗaya.

Ummi: Wannan ta sa na tuna tamu gawar. Namiji ne, dattijo, akwai tsagen gado a kumatunsa, ba wanda ya san sunansa a cikinmu. Na gode ƙwarai, Malam, Dakta, Anti Sista. Gobe ƙarfe takwas za mu buɗe ƙirji, zan je da wuri in samu gaba. Abu Sumayya, zan ƙirga maka haƙarƙarin.

Ɗan Wanzam: In kin ga belun ma ki duba min, in kai wa tsoho labari.